Shuɗi da baƙi ko fari da ruwan gwal? Labarin rigar 2015 da rigimar ankon gidanmu

A wajenmu in mutum ya ce "da idona na gani" to magana ta ƙare, ba wanda zai ƙara ja da shi, tunda ai gani ya kori ji. Ni ma a kan haka na tashi, kuma a kan haka na taɓa zaluntar wata baiwar Allah mai saida leshi, abin da har yau in na tuna sai na ji ba daɗi a raina. Amma bari in fara da rigar nan ta Turawa tukunna don ita ce ta warware min abin da ya faru da ni, duk da cewa sai bayan shekaru na zauna na bi labarinta tun daga tushe.

A farkon watan Fabrairun 2015 wata uwa a Ingila ta shiga shago neman kayan da za ta sa a bikin 'yarta, ta ga wata doguwar riga mai ratsi-ratsi da leshi a jiki, ta ɗaga waya ta ɗauki hoto ta tura wa amaryar kamar yadda kowace uwa za ta yi, wai ga abin da nake son sawa me kika gani. Amarya ta duba ta ce wannan fara da ruwan gwal ɗin? Uwar ta ce wace fara kuma, ai shuɗiya ce da baƙin leshi. Aka nuna wa ango ya bi bayan surukarsa, amarya ta kafe a kan nata, daga nan ta ɗora hoton a Facebook ƙawaye su raba gardama, maimakon a raba sai ƙawayen su ma suka rabu gida biyu. A wani ɗan tsibiri ne na Sukotland mai suna Colonsay aka yi bikin, wanda duk mutanensa ba su kai 200 ba, kuma ranar bikin uwar ta zo sanye da rigar kowa ya ganta ƙuru-ƙuru shuɗiya da baƙi, amma da an koma kan hoton waya sai gardama ta dawo sabuwa fil. Wata ƙawar amarya da ke cikin makaɗan bikin abin ya tsaya mata a rai, ranar Alhamis 26 ga Fabrairu ta ɗora hoton a shafin sada zumunta na Tumblr tana roƙon jama'a su taimaka su faɗa mata launin rigar nan.

Kafin gari ya waye duniya ta ɗauka. Shafin BuzzFeed ya sa hoton da ƙuri'a, an kai lokacin da mutum sama da dubu 670 ke kan shafin a lokaci guda, kuma wajen kashi biyu cikin uku na masu kaɗa ƙuri'ar fari da ruwan gwal suka zaɓa. Mawaƙiyar Amurka Taylor Swift ta ce shuɗi da baƙi, tauraruwar talabijin Kim Kardashian ta ce ita fari da gwal take gani amma mijinta na lokacin Kanye West shuɗi da baƙi yake gani, gida ɗaya hoto ɗaya. Mu a nan lokacin hankalinmu na kan zaɓen da aka ɗage daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris, duk da haka na tuna hoton ya zagayo har cikin gidanmu, ni fari da gwal na gani kuma na rantse a kai, ƙanina da ya ga shuɗi da baƙi Allah-Allah yake in je a duba min ido. Washegari kamfanin da ya ɗinka rigar, Roman Originals na garin Birmingham, ya fito ya ce rigarsu shuɗiya ce da baƙin leshi, fam 50 ake saida ta, kuma ba su da mai fari da gwal kwata-kwata a lokacin. Sai daga baya suka ɗinka guda ɗaya tak mai fari da gwal aka yi gwanjonta don tara kuɗin taimako.

To ka ga an san gaskiyar launin rigar tun kwana ɗaya da tashin ƙura, amma hakan bai canza wa kowa komai ba, kuma wannan ne wurin da ya ɗaure wa masana kai. An gaya min shuɗiya ce, na ga hoton kamfanin, na yarda ɗari bisa ɗari, na koma kan hoton farko sai ga fari da gwal na kallona. Dama can akwai hotunan ruɗin ido barkatai da aka daɗe da sani, layuka biyu masu tsawo ɗaya amma ka ga ɗaya ya fi, ko hoton allon dara da Edward Adelson na jami'ar MIT ta Amurka ya zana a 1995 inda gidaje biyu masu launin toka iri ɗaya sak kake ganin ɗaya fari-fari ɗaya baƙi-baƙi saboda ɗayan yana cikin inuwa. Amma duk waɗannan kowa da kowa suke ruɗa ta hanya ɗaya, ni da kai tare za mu faɗa ramin. Ita rigar nan kuwa raba mutane ta yi, masu lafiyar ido ƙalau, kowa na ganin ɗan uwansa kamar da gangan yake yi.

Abu na farko da aka yi shi ne auna hoton kansa, kuma wannan kowa zai iya a waya ko kwamfuta, ka yanko ɗan gutsuren wurin rigar ka ajiye shi kan farin shafi shi kaɗai. Abin da za ka samu ba fari ba ne kuma ba shuɗi mai duhu ba ne, ruwan bula ne mai haske, ratsin kuma ba baƙi ba ne ba gwal ba ne, ruwan ƙasa ne. Kenan duk ɓangarorin biyu ba wanda yake ganin abin da ke jikin gilashin wayar, kowa ƙwaƙwalwarsa ta gyara masa hoton kafin ta miƙo masa, bambancin kawai wajen da gyaran ya nufa.

Kuma dole ne ta yi gyaran, ba shisshigi ba ne. Shi ido ba launin abu yake karɓa ba, hasken da ya daki abin ya dawo shi yake shigowa, ya sauka a kan wani siririn shimfiɗi a bayan ƙwayar ido inda akwai ƙananan ƙwayoyi iri uku masu aikin launi, wasu sun fi jin ɓangaren shuɗi wasu kore wasu wajen rawaya zuwa ja. Matsalar ita ce hasken da ya dawo ɗin nan gauraye yake, akwai launin abin a ciki akwai kuma launin fitilar da ta haska shi, kuma ido ba shi da hanyar tace su. Ki ɗauki farar shaddar maigidanki, da hantsi a tsakar gida wani haske take dawowa da shi, a ƙarƙashin inuwar darbejiya hasken ya karkata shuɗi-shuɗi saboda can ba rana ce ke haska ta kai tsaye ba sararin samaniya ne, da almuru ya koma ja-ja, da dare gaban aci-balbal ko kyandir kuwa rawaya ne sosai. In da abin da ya shigo ido shi kike gani yadda yake, da shaddar nan ta canza launi sau huɗu a wuni, da ba za ki iya gane nunannen mangwaro da ɗanye ba sai kin duba agogo. Sai ƙwaƙwalwa ta ɗauki nauyin, a cikin ƙiftawa ba tare da kin sani ba take kintatar wane irin haske ne a wurin, ta cire shi, ta ba ki abin da ya rage a matsayin launin kayan. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, wallahi ban san maganar da ta fi wannan dacewa da abin ba, kima yake yi ba awo ba.

Wani abu da ya burge ni da na bi tarihin maganar, ba Turawa ne suka fara faɗar haka ba. Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya rayu a Alƙahira, ya rubuta Kitabul Manazir wajen shekarun 1011 zuwa 1021, a ciki ya ce gani ba ya kammala a ido, sai hankali ya yi tamyizi, wato rarrabewa, da ƙiyasi a kan abin da ya shigo, da sauri sosai har mutum bai san ya yi ba, kuma juzu'i na uku cikin bakwai na littafin kacokan a kan kurakuran gani ya yi shi. Duk wanda ya zauna gaban malam ya san ƙiyasi, a ɗauko abin da ba a sani ba a gwada shi da wanda aka sani. Shekara ɗari takwas da ɗoriya bayan haka Bajamushe Hermann von Helmholtz ya sake faɗar kusan wannan maganar a 1867.

Yanzu dawo kan hoton rigar. Hoto ne mara kyau, wayar ta bari haske ya yi yawa ya wanke launukan, an ɗauka kurkusa ba fuskar mutum ba hannu ba wani abu da ka san launinsa da za ka gwada da shi, ta bayan rigar gefen dama kuma ga wani haske fau kamar ƙofa a buɗe. Ƙwaƙwalwa ta duba ba ta samu shaidar wane haske ne ba, kuma ita ba ta iya cewa ban sani ba, dole ta yanke hukunci. Tawa ta ce ai hasken na baya ne, rigar a inuwa take, shuɗin da ke jikinta na inuwa ne, ta kwashe shi, da ka kwashe shuɗi daga ruwan bula fari zai rage, ka kwashe shi daga ruwan ƙasa ya koma gwal. Ta ƙanina kuwa ta ce a'a wannan cikin shago ne ƙwan lantarki mai rawaya ya haske ta da ƙarfi, ta kwashe rawaya, ruwan bula ya koma shuɗi mai duhu ruwan ƙasa ya koma baƙi. Tashi ce ta dace da gaskiya, amma fa ba don idonsa ya fi nawa kyau ba.

A watan Mayun 2015, wata uku kacal, mujallar kimiyya ta Current Biology ta fitar da bincike uku a kan rigar. Na Rosa Lafer-Sousa da Bevil Conway da abokiyar aikinsu sun tambayi mutum 1,401, kashi 57 cikin ɗari suka ce shuɗi da baƙi, kashi 30 fari da gwal, kashi 11 shuɗi da ruwan ƙasa, kuma mata da masu manyan shekaru sun ɗan fi karkata ga fari da gwal. Ka lura lissafin ya saɓa da na ƙuri'ar intanet, shi ya sa ni ba na riƙe adadin da ƙarfi, ya danganta da su wa aka tambaya da kuma irin wayar da girman hoton. Abin da ya fi adadin muhimmanci shi ne gwajin da suka yi, suka yanko rigar ba su taɓa launinta ba suka ɗora ta jikin wata mace a hoto biyu, ɗaya a fili kake ganin inuwa ce mai shuɗi-shuɗi ɗayan hasken fitila ne mai rawaya, sai mafi yawan mutane suka haɗu a kan fari da gwal a na farko, shuɗi da baƙi a na biyu. Da aka ba ƙwaƙwalwa shaida gardama ta mutu.

Ƙungiyar Karl Gegenfurtner a jami'ar Giessen ta Jamus kuma ta gano dalilin da ya sa wannan rigar ce ta yi haka ba wata ba, launukan hoton duk sun jeru ne a kan layin da hasken rana yake bi a wuni, daga shuɗi-shuɗin inuwa zuwa rawaya-rawayar yamma, wato daidai wurin da ƙwaƙwalwa ta fi shakkar ko launin na kaya ne ko na haske. Su Michael Webster a jami'ar Nevada ta Amurka suka ƙara da cewa mutane sun fi saurin ɗaukar shuɗi mai haske a matsayin fari fiye da yadda suke yi wa rawaya, da suka juya launukan rigar ratsin mai haske ya koma rawaya kusan kowa ya ce rawaya ne ba musu. Wannan kam iyayenmu mata sun riga su sani a aikace, shi ya sa ake sa bula a ruwan ɗaurayar fararen kaya, ɗan shuɗin nan ya kashe rawayar da tsufa ya kawo, ido kuma ya karanta shi a matsayin fari tas.

Saura tambayar me ya sa tawa ƙwaƙwalwar ta zaɓi inuwa ta wani ta zaɓi fitila. Pascal Wallisch na jami'ar New York ya tambayi sama da mutum 13,000 ya wallafa a 2017, ya samu cikin waɗanda suka ɗauka rigar a inuwa take huɗu cikin biyar fari da gwal suka gani, cikin waɗanda ba su ɗauka haka ba kuwa wajen rabi ne kawai. Sai ya tambaye su lokacin barcinsu, masu sammako da suka fi wuni cikin hasken rana suka ɗan fi ganin fari da gwal, 'yan hirar dare da suka fi zama ƙarƙashin ƙwan lantarki suka ɗan fi ganin shuɗi da baƙi. Na ce ɗan, don bambancin ba wani babba ba ne, kar wani ya je ya ce wa matarsa an gano ta ba ta tashi sallar asuba. An kuma gwada tagwaye a Ingila, gado na da hannu amma ba shi ne kaso mafi tsoka ba, ana samun tagwaye masu kama ɗaya sak wannan ya ce fari wancan ya ce shuɗi. A fahimtata hasken da ka saba rayuwa a cikinsa shi ƙwaƙwalwarka take ɗaukowa ta cike gurbi duk lokacin da shaida ta yanke mata.

To ga tawa. Bikin ƙanwata ni aka ɗora wa fitar da anko, wata mata da ke saida kaya ta waya ta turo min hoton leshi na tura a guruf ɗin gida, nan da nan Goggo ta yi murya ta ce "kai wannan ruwan hodar ya yi kyau 'yar nan, a ɗauko shi", ni kuma na ce Goggo ai ba ruwan hoda ba ne, shunayya-shunayya ne irin wanda 'yan mata ke ce wa lailak, Yaya babba ta goyi bayana, matan yayyena biyu suka bi Goggo, muka yi ta yi har Umma ta ce ku bar wa mai sayen tunda ita ta yi magana da mai kayan. Ni kuwa ban ma tambayi matar sunan launin ba, ina zan tambaya abin da nake gani da idona. Na tura kuɗin mutum ashirin da uku, na je Kantin Kwari na sayo gyale da ɗankwali masu shiga da lailak. Ranar da kaya suka iso na kwance ɗaurin a tsakar gida da rana tsaka sai ga ruwan hoda, irin ruwan hodar da ba ya buƙatar shaida. Jikina har rawa yake na kira ta, ba abin da ban faɗa mata ba, na ce ta canza min kaya ta ci amana, na ce zan tona ta a duk guruf ɗin da na sani. Matar nan ta girme ni nesa ba kusa ba amma abin da kawai take maimaitawa shi ne "Hajiya wallahi shi ne, ki yi haƙuri ki bari dare ya yi".

Bayan isha'i ta kira ni ta bidiyo, babu wuta a unguwarsu, ta kunna fitilar caji irin farar nan mai haske shuɗi-shuɗi, ta shimfiɗa ragowar leshin a kan gado ta haska, ina kallo a wayata ya koma lailak ɗin da na saya gyale dominsa. Na tashi na kashe ƙwan ɗakina na ɗauko tamu fitilar cajin na haska nawa na ɗauki hoto, shi ne sak. Da dare ta ɗauki hoton farkon don da rana tana wajen aiki. Goggo da ta shekara tana ɗinkin hula gaban irin wannan fitilar ƙwaƙwalwarta ta gane hasken ta cire shi, ni tawa ta ɗora shi a kan leshin. Abin da ya fi damuna ba asarar gyalen ba ce, tabbacin da nake ji ne lokacin da nake zaginta, ko ɗigon shakka babu a zuciyata, don ita ƙwaƙwalwa in ta yi kintace ba ta haɗo maka da takardar cewa kintace ne, yadda take miƙo maka abin da ta tabbatar haka take miƙo wanda ta ƙiyasta, ɗanɗanonsu ɗaya.

Na ba ta haƙuri a daren, na kuma shiga guruf ɗin gidanmu inda na riga na ɓata ta na faɗi abin da ya faru da bakina, Goggo ta ce in je har gida, na je. Tun daga lokacin in zan sayi yadi ta waya sai na ce a ɗauko min hoto da rana a waje amma ba cikin inuwa ba, a ajiye farar takarda a gefe ko a sa hannu a kai don idona ya samu abin da ya sani ya gwada, sannan in tambayi sunan launin da baki. Dama ai tsofaffin 'yan kasuwar Kwari ba sa hana ka fita da turmi bakin ƙofa ka ɗaga shi a rana kafin ka biya, wasu ma su za su ce Hajiya fito da shi waje ki gani. Gyalen lailak ɗin ashirin da uku kuwa ita matar ce ta karɓe su ta saida min a hankali cikin wata biyu, ko sisi ba ta cire ba.